Tsatsar Anini da Yadda Ake Gane Sanadinta

A shekarar 1907 Turawan Ingila suka buga wa Nijeriya anini na farko da ƙarfen goran-ruwa. Ba a jima ba fuskarsa ta fara yin ƙananan ramuka da wani farin gari, don haka tun 1908 aka koma buga shi da gamin jan ƙarfe da nikel.

Sau da yawa mai adana tsofaffin kuɗi yakan zaci wannan lahani daga wurin bugu yake, alhali kuwa laima da gishirin gumin hannu ne suke huda siririyar fatar da ke kāre ƙarfen. Launi shi ne shaida ta farko. Farin gari na goran-ruwa ne. Koren gari mai laushi, wanda yake komowa bayan an share, kamar yadda akan gani a aninin tagulla na 1952, alama ce gishiri yana cin ƙarfen daga ciki.

Wanda duk ya dirje irin wannan kuɗi da toka ko yashi ya shafe rubutunsa, ya kuma zubar da darajarsa. Abin da ya kamata shi ne a busar da shi, a ajiye inda laima ba ta kaiwa.