Tsaga Gwafar Gaban Mota Ba Aikin Gaggawa Ba Ne

Bidiyon tsofaffin motocin Amurka da aka yi wa kwaskwarima, waɗanda ake kira hotrod, sun cika wayoyin samarinmu. Za ka ga Ford ƙirar 1932 an tuɓe mata madigadi, an durƙusar da hancinta, ga wasu dogayen ƙarafa biyu sun taso daga gatarin gaba sun bi gefen shasi. Kallo kam akwai daɗi. Abin da ya ishe ni shi ne yadda ake nuna aikin cikin minti guda, a yanka, a yi walda, a fesa fenti, shi ke nan, sannan a biyo da wata fatawa da take ta yawo daga baki zuwa baki: wai duk wanda ya tsaga gwafa gara ya sa gatarin bututu, domin ya fi na asali ƙarfi. Wannan magana ƙarya ce, kuma irin ƙaryar da ke kai mutum kushewa.

A taƙaice ga yadda abin yake. Tun daga Model T ta 1908 har zuwa motocin 1948, kamfanin Ford bai sauya tsarin gaban motarsa ba: gatari guda miƙaƙƙe, sifirin guda a gicciye, da wani ƙarfe mai ƙafa biyu da zan kira gwafa. Ƙafafun suna riƙe da gatarin ta dama da hagu, su tafi baya su haɗu a kan ƙwallon ƙarfe guda a ƙarƙashin tsakiyar mota. Samarin Kalifoniya da ke tsere a busassun tafkuna irin su El Mirage, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu, suna cusa manyan injuna cikin ƙananan motoci suna kuma sauke su ƙasa, sai gwafar ta tare wa giyabos da tukunyar baƙin mai wuri. Suka yanke ƙwallon, suka raba ƙafafun, suka ɗaure kowace a jikin shasi. Larura ce ta kawo abin, daga baya ya zama ado.

To mu koma kan fatawar. Masu ita suna cewa bututu ba ya lanƙwasa, ba ya murɗuwa, don haka ya fi aminci. Maganarsu ta rashin murɗuwa gaskiya ce, kuma ita ce ainihin haɗarin. Lokacin da gwafa take haɗe a kan ƙwallo guda, idan tayar hagu ta hau tudu, gatari da gwafa gaba ɗaya suna karkata tare a kan ƙwallon nan, babu abin da ke takura wani. Da zarar an tsaga ta, kowace ƙafa ta samu nata wurin juyawa. Tayar hagu ta hau dutse, ƙafar hagu ta ɗaga, ta juya bakin gatarin na hagu. Ƙafar dama tana nan inda take, ta riƙe nata bakin gam. Wa zai ɗauki bambancin? Gatarin da ke tsakaninsu. Dole ya murɗe, ko ya so ko bai so ba.

Kada a ɗauka ɗan ƙaramin abu ne. A ce tsawon ƙafar gwafa inci 40 ne, taya guda ta hau inci 3, wanda bai wuce hawa bakin kwalbati a karkace ba. Lissafi ya nuna bakin gatarin zai nemi juyawa fiye da digiri 4 a kan ɗan'uwansa. Wani ɓangare shasi zai sha, wani sifirin da taya, amma kaso mai tsoka yana kan gatari, kuma wannan yana faruwa a kowane rami, kowace kwana, kowace shiga gida da fita.

Gatarin Ford na asali ƙirarre ne, an buga shi da zafi, kuma idan ka yanka shi za ka ga siffar harafin I. Irin wannan siffa tana ɗaukar nauyi daga sama ƙwarai, amma tana yarda a murɗa ta ta koma yadda take. Bututu kuwa rufaffen da'ira ne, taurinsa wajen murɗawa ya ninka na wancan sau da yawa. Ka kama ganyen kaba ka murɗa, zai bi hannunka ya dawo. Ka gwada da gora, ba za ta motsa ba har sai ta tsage. Ƙarfin da bututun ya ƙi sha ba ɓacewa yake ba, wani wuri yake komawa: kan waldar da ta haɗa bututun da bakinsa, kan kusar da ta ɗaure gwafa da gatari, kan maƙalin da ke jikin shasi. Ƙarfe yana gajiya. Tsaga ce siririya take farawa a ƙarƙashin fenti, inda ido ba ya kaiwa, ta yi ta ci a hankali, ranar da za ta ƙarasa kuma ba ta sallama. Idan ƙafar gwafa ta saki a kan gudu, gatari ya koma baya ta gefe guda, sitiyarin da ke hannunka ya zama abin ado.

Sai wani ya ce ai Ford da kansa ya yi gatarin bututu. Haka ne, ya yi wa wasu motocinsa masu ƙaramin injin V8 a ƙarshen shekarun 1930. Amma da gwafar da ba a tsaga ba ya haɗa shi, inda babu murɗawa. Wani ya ce ai motocin tsere suna sawa. Suna sawa, a kan fili shimfiɗaɗɗe kamar yadda ake so, gaban motar ba nauyi, tafiyar 'yan daƙiƙoƙi, kuma ana duba kowace walda kafin a sake fita. Kai kuma da matarka da ɗanka za ka hau titi. Hujjar da ta fi ba ni haushi ita ce ta "wane ya shekara goma da irinsa bai karye ba". Haba jama'a! Wanda nasa ya karye yana ina da zai zo ya ba da labari? Tsira da sa'a ba shaidar ingancin aiki ba ce.

Su kansu ma'abota sana'ar sun daɗe da raba wannan gardama. A shekarun 1970, shagon Pete & Jake's na Pete Chapouris da Jim Jacobs a Kalifoniya ya yaɗa tsarin sanduna huɗu, biyu a kowane gefe, ɗaya bisa ɗaya, masu tafiya a jere. Da wannan tsarin gatari yana hawa yana sauka ba tare da ya juya ba, shi ya sa bututu ke zama lafiya da shi. Ƙa'idar ke nan: mai son bututu ya sa sanduna huɗu, mai son tsagaggiyar gwafa ya riƙe gatari mai siffar I, kuma ƙirarre ya fi na zubi haƙuri. Wasu ba sa son sanduna huɗu domin ba su yi kama da motocin zamanin da ba. Na fahimci wannan, ni ma gwafa ta fi burge ni a ido. Amma ba a haɗa kwalliyar wannan da ƙarfen wancan.



Wanda ya ƙudura zai yi aikin, ya fara da gwafar kanta. Mafi ƙuruciyarta ta haura shekara 70, kuma cikinta rami ne, tsatsa na iya cinye ta daga ciki alhali waje sumul. A kankare ta tas, a buga a saurari ƙararta, in da hali a kai ta gwajin maganaɗisu da ke tona ɓoyayyar tsaga. Wadda aka taɓa yi wa faci a jefar. Kada a taɓa zarto sai an ɗora motar a tsayin da za ta yi tafiya, da inji da giyabos da lagireto duk a kai, ko nauyin da ya yi daidai da su. Duk awon da aka yi a kan shasi tsirara, da an ɗora inji ya tashi a banza.

Bayan an yanke ƙwallo, a bakin kowace ƙafa ake zura ƙarfe mai zare a ciki, wanda kan tayarod zai ɗauru a kai. Waldar zagaye kaɗai ba ta isa ba. A huda ƙafar ta gefe a cike hujin da walda har ta kama ƙarfen da ke ciki, domin ko ta baki ta saki, wannan ta riƙe. Kan tayarod ya zama babba mai nagarta, ya shige cikin zaren sosai, da notin kulle a bayansa. Ramin da zai zauna a jikin maƙali ba miƙaƙƙe ba ne, mai tsukewa ne, na Ford digiri 7, kuma da abin gyara rami na musamman ake fitar da shi. Wanda ya huda da dirin kawai ya danna noti ya bar wasa a wurin, wasan nan kuma kullum ƙaruwa yake. Noti mai tsagi da filinsa wajibi ne. A tuna cewa duk lokacin da aka taka birki, gatari yana neman juyawa tare da taya, kuma wannan ɗan kan tayarod ne ke hana shi. Wanda ya ƙara wa motar birki mai ƙarfi, ko na mai da Ford ya fara a 1939 ko na zamani, ya ƙara wa wurin nan kaya.

Maƙalin ma ba a liƙa shi a fatar shasi haka kawai. Shasin tsohuwar Ford buɗaɗɗe ne ta ciki, sai an rufe shi da farantin ƙarfe a wurin, an yi maƙalin da ƙarfe mai kauri, an tokare shi. Kuma iya yadda za a iya matso da bakunan ƙafafun kusa da juna a ƙarƙashin mota, a matso da su. Kusancinsu yana rage murɗawar da muka yi ta magana a kai, yana kuma ba taya wurin juyawa. Masu buɗe su har wajen shasi don a gani a yaba su ne za ka tarar suna kai gaba suna komowa baya sau uku kafin su juya a titi, taya tana gugar ƙarfe. Ƙafa doguwa kuma ta fi gajera, don haka kada a rage tsawonta sai dole.

Ga inda ragwaye ke yanke hanya. Ƙafar da aka ƙera ta nufi tsakiya ba za ta nufi gefe don kanta ba. Wasu sai su sa ƙarfi su ja ta a sanyi su ɗaure, su bar kusa da gatari cikin ɗauri tun motar ba ta motsa ba. Daidai shi ne a gasa wuyan ƙafar, can kusa da gatari inda ƙarfen yake cikakke, har ya yi ja, a karkata shi a hankali, a bar shi ya huce don kansa. Kada a zuba masa ruwa, don Allah kada a zuba masa ruwa. A gwafar 1935 zuwa 1948, maratayin sifirin a jikinta yake, a gaban gatari, saboda haka idan ƙafa ta buɗe shi ma ya karkace, sai an gasa an miƙe shi, in ba haka ba sifirin zai ciji bushinsa. Idan an gama, ƙafar ta faɗa cikin maƙalinta da hannu ɗaya, ba da guduma ba.

Sai kasta, wato yadda kan kimfin ke kishingiɗa baya. Ita ce ke sa mota ta miƙe kuma sitiyari ya dawo tsakiya bayan kwana. Yawancin magina suna nema tsakanin digiri 5 zuwa 7. Tsayin maƙali ne ke fara tsayar da ita. Idan bai bayar ba, ana yanke ɗan yanki mai kusurwa a ƙafar kusa da wuya, a karkata, a sake walda, kuma wannan waldar ta gwani ce, ba ta yaron shago ba. Mazaunin sifirin shi ma ya bi wannan kusurwa. Kastar da ba ta yi daidai ba tana cikin abubuwan da ke haifar da rawar da gaban mota ke kamawa bayan an faɗa rami, sitiyari yana fizge hannu har sai an tsaya. Gaban tayoyi ya ɗan tsuke ciki kamar kashi ɗaya cikin takwas na inci. A auna a gicciye daga kowane bakin gatari zuwa wuri guda a bayan shasi, awo biyun su zo ɗaya.

Sandar da ke kawo umarni daga akwatin sitiyari, idan ta gefe take, ta bi layin ƙafar gwafa, su yi hawa da sauka tare, in ba haka ba kowane tudu zai murɗa maka sitiyari. Idan kuma a gicciye take, sai an sa sandar Panhard da ke hana gatari lilo dama da hagu. Maratayan sifirin su tsaya wajen digiri 45 da nauyi a kai. Kada wani ƙarfe ya sauko ƙasa da bakin wili, domin ranar da taya ta fashe, shi zai fara cakar kwalta. Masu huda gwafa don ado su sa guntun bututu a kowane rami su yi masa walda. Masu kai ta a yi mata farin ƙyalli kuma su sani cewa wannan wanka yana iya sa ƙarfe gautsi idan ba a gasa shi a tanda bayansa ba, sannan yana ɓoye tsaga.

Kafin a tayar da inji, a sa jak a ɗaga taya guda inci 3 ko 4, a kalli abin da ke nishi, a sauke, a ɗaga ɗayar. A juya sitiyari iyaka dama da iyaka hagu. Bayan tafiyar farko a sake bin kowane noti.

Kirana ga masu walda da kanikawanmu da ke kallon waɗannan bidiyo suna jin hannunsu na ƙaiƙayi: ƙarfen da ke riƙe taya da sitiyari ba wurin koyon sana'a ba ne, ko a Ford ta 1932 ko a a-kori-kurar da ke gabanka. Idan mai mota ya kawo muku gatarin bututu da tsagaggiyar gwafa ya ce ku haɗa, ku ce masa a'a, ko nawa zai biya.