Bindigar giris: mai batir ko ta hannu?

Katafilar haƙa ƙasa na da wuraren shan giris da yawa, wasu kullum sai an ɗura musu kafin a fara aiki. Da bindigar hannu, makanike zai yi ta matsawa har kafaɗa ta gaji. Nan ne ake tsallake wasu wuraren, ƙarfe ya bushe ya riƙa cin ɗan'uwansa.

Mai batir, irin ta Milwaukee ko DeWalt, tana gama wannan da sauri. Sai dai yatsa kawai ake danna mata. Idan giris ya yi wa boris yawa, robar da ke tare shi na iya fashewa, alhali mai matsawa da hannu zai ji taurin tun da wuri. Ga tsada, ga neman caji a dajin da babu wuta.