Daga karatun gida zuwa sakandare: abin da jadawalin makarantu ba ya faɗa

A Amurka da Ingila akwai iyayen da ba sa kai 'ya'yansu makaranta, su da kansu ke koyar da su a gida, kuma doka ta ba su dama. Tun 1993 babu jihar da ta hana wannan tsari a jihohin Amurka 50. Hukumar ƙididdigar ilimi ta ƙasar ta kiyasta cewa yara 850,000 ne ke karatu a gida a 1999, zuwa 2016 kuma sun kusa miliyan 1.7, sannan annobar korona ta ƙara yawansu. A Ingila dokar ilimi ta 1996 ta ɗora wa iyaye nauyin ilimantar da yaro, ko a makaranta ko ta wata hanya. Ba ko'ina ne haka ba: Jamus ta hana, Faransa kuma tun 2022 sai an nemi izini.

Karatun gida yakan tafi lami lafiya muddin yaro ƙarami ne. Da zarar ya kai shekara 13 ko 14 sai lissafi ya canza. Uwar da ta koya masa karatu da rubutu ba lallai ta iya kimiyyar sinadarai ba, gida kuma ba shi da ɗakin gwaje-gwaje. Shi ma yaron ya fara marmarin abokai da ƙungiyar ƙwallo. A nan iyaye da yawa ke shiga neman makarantar kuɗi, kuma abin da suke fara dubawa shi ne jadawalin da ke jera makarantu daga ta ɗaya zuwa ta ƙarshe.

Gwamnatin John Major ce ta fara buga irin wannan jadawali a Ingila a 1992. Yau jaridu irin su Sunday Times na fitar da nasu duk shekara, a Amurka kuma akwai shafin Niche, wanda ke haɗa alƙaluma da ra'ayoyin iyaye da ɗalibai. Matsalar ita ce yawancinsu sakamakon jarrabawa suke aunawa. Makarantar da ta tace masu neman shiga, ta ɗebi zakaru kawai, dole ta fito a sama ko da malamanta ba su yi wata bajinta ba. Jadawalin ya nuna irin yaran da aka ɗauka, bai nuna abin da aka ƙara musu ba. Wannan ne ya sa a 2016 Ingila ta ɓullo da ma'aunin Progress 8, mai kwatanta inda yaro yake a shekara 11 da inda ya kai a shekara 16. Sai dai ba a fitar wa makarantun kuɗi wannan maki, ga shi kuwa su ne iyayen nan ke nema.

Abin da ya faru a Janairun 2015 ya isa misalin yadda jadawali ke iya ruɗar iyaye. Eton da Harrow, makarantun da suka yaye firaministocin Birtaniya, sun fito da sifili a jadawalin gwamnati. Ɗalibansu ba faɗuwa suka yi ba. Jarrabawar IGCSE da suka zauna ce aka cire daga lissafi. Ita ma NAIS, ƙungiyar makarantu masu zaman kansu ta Amurka, ta daɗe tana adawa da jera makarantu bisa matsayi.

Ga yaron da ya fito daga gida, lokacin shiga ya fi matsayin makaranta muhimmanci. Babbar sakandare a Amurka shekara huɗu ce, daga aji 9 zuwa 12, kuma tara makin darussa ake yi: bisa tsohon ma'aunin Carnegie, maki ɗaya na nufin awa 120 a darasi guda cikin shekara. Wanda ya shiga a aji 9 tare da kowa zai fara tarawa. Wanda ya jira sai aji 11 kuwa, makaranta na iya ƙin amincewa da abin da ya karanta a gida, ta sa shi gwaji ko ta mayar da shi baya. A Ingila ma karatun GCSE yakan fara a aji 10, ya ɗauki shekara biyu, kuma samun gurbi a tsakiya na da wuya.

Sai maganar takardu. Jihar New York na tilasta wa iyaye gabatar da tsarin karatu da rahoto sau huɗu a shekara, Texas kuwa ko sanar da hukuma ba dole ba ne. Uwar da ke Texas za ta iya yin shekaru tana koyarwa da kyau, ranar neman gurbi ta rasa abin nunawa. Tun ran gini ran zane. Jami'in ɗaukar ɗalibai yana son ya buɗe fayil ya ga sunayen littattafan da yaro ya karanta, da littafin lissafinsa mai kwanan wata da jan biro, da sakamakon jarrabawar shiga irin su SSAT ko ISEE. Yana kuma son wasiƙar shaida daga wani baligi da ba uba ba, ba uwa ba: mai horar da shi wasa, malamin da ke masa darasi na musamman, liman ko fasto. Yabon mahaifi ba ya cika shaida.

Makonnin farko su ne masu wuya, kuma sau da yawa ba karatun ne ke wahalar da yaro ba. Ya saba zama kan lissafi har sai ya gane. Yanzu ƙararrawa za ta kaɗa yana tsakiyar tambaya, ya tattara jaka ya nemi wani aji. Ya saba tambaya nan take. Yanzu sai ya ɗaga hannu ya jira. Aikin da aka ce a kawo ranar Litinin, Litinin ɗin ake nufi. Iyaye masu hangen nesa sukan fara saba masa da jarrabawa mai ƙayyadajjen lokaci da malami na waje tun shekara guda kafin shiga.

Saboda haka, maimakon tambayar ta nawa makaranta ta zo, a je a gani da ido a ranar karatu. A tambaya: kun taɓa ɗaukar yaran da suka yi karatu a gida, kuma yaya suka ƙare? Yara nawa ne a aji? Malamai suna daɗewa ko duk shekara sababbi ne? Idan yaro ya yi rauni, taimaka masa ake yi ko a lallaɓa iyayensa su cire shi kafin jarrabawa? Wannan tambaya ta ƙarshe ta shafi duk mai karanta allon sakamakon WAEC a ƙofar wata makarantar kuɗi a Kano ko Kaduna. Makarantar da ta amsa waɗannan tambayoyi ba tare da kame-kame ba ta cancanci kuɗin iyaye, ko da ta hamsin ta zo a jadawali.