Ina Ungulu Ta Shiga?

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar Hausa shekara 30 ko 40 da suka wuce ya san kwata ba ta cika kwata sai da ungulu. Tun mahauta ba su gama fiɗa ba za ka gan su sun jeru a kan katanga da rufin rumfuna, sun sunkuyar da sanƙonsu suna jiran a jefar da abin da ba a so. Yara su jefe su, su yi tsalle biyu su dawo. Ranar Babbar Salla kuwa har tsakar gida suke sauka. Yau ka shiga kwatar manyan garuruwanmu ka ɗaga kai, sai dai ka ga shirwa da hankaka. Akwai samarin da suka kai munzalin aure ba su taɓa ganin ungulu ido da ido ba, a karin magana kawai suke jin sunanta.

Ba a yi wata shela ba ranar da ta fara ɓacewa, kuma ba wanda ya yi kukan rashinta, domin tsuntsuwa ce da muka daɗe muna yi wa kallon ƙazama. Sai dai binciken masana na shekarun nan ya nuna cewa wannan ƙazamar ita ce ma'aikaciyar tsabtar da ba mu taɓa biya ko sisin kwabo ba, kuma da hannunmu muke ƙarar da ita.

Aikin da take yi

Bahaushe ya ce ungulu ba ta jewar banza. In ka gan ta tana shawagi, akwai mushe a ƙasa. Allah Ya hore mata ido mai hangen nesa da fikafikan da ke hawa iska mai zafi ba tare da wahalar kaɗawa ba, shi ya sa take iya kewaye daji mai faɗi a yini guda. Babbar 'yar uwarta, mikiya, ita ce ke riƙe da tarihin tashi sama a cikin tsuntsaye: a watan Nuwamba na 1973 wani jirgin sama ya yi karo da guda a samaniyar Abijan, a tsayin mita 11,300.

Babban sirrin ungulu yana cikin tumbinta. Ruwan cikinta yana da tsami mai tsananin ƙarfi, wanda ke narkar da ruɓaɓɓen nama tare da kashe yawancin ƙwayoyin cutar da ke cikinsa, har da masu haddasa ciwon saifa na dabbobi. Garken ungulaye kan cinye mushen saniya ya bar ƙashi da fata kafin ƙuda su yi ƙwai su ƙyanƙyashe. Wani bincike da aka yi a Kenya ya gano cewa mushen da ungulu ba ta sauka a kansa ba yakan ɗauki kusan ninki uku na lokaci kafin ya ƙare, kuma dabbobi masu cin mushe, irin su dila da kura, sun fi taruwa a kansa suna cuɗanya da juna. Wannan cuɗanya ita ce hanyar da cuta ke bi daga wata dabba zuwa wata, ta iso garke, daga nan ta iso gida.

Darasin Indiya

Wanda ke son sanin abin da ke faruwa in ungulu ta ƙare, ya dubi Indiya. Ƙasa ce mai ɗimbin shanu, kuma yawancin jama'arta ba sa cin naman saniya. In saniya ta mutu sai a feɗe fatar a bar wa ungulaye sauran, kuma a wancan lokaci miliyoyinsu ne a ƙasar. A shekarun 1990 sai aka ga suna mutuwa ba ƙaƙƙautawa. An ɗauki shekaru ana lalube, sai a 2004 masu bincike a Pakistan suka tabbatar da musabbabin: wani maganin rage zafin ciwo ne mai suna diklofenak, wanda makiyaya ke yi wa shanu allurarsa saboda arha. Duk ungulun da ta ci mushen saniyar da aka yi wa allurar ba da daɗewa ba, ƙodarta ke lalacewa ta mutu cikin 'yan kwanaki. Wani jinsi daga cikinsu ya ragu da kashi 99.9 cikin 100 tsakanin 1992 da 2007.

Mushe ya riƙa ruɓewa a fili, wani a tura shi cikin kogi. Karnukan da ba su da masu su suka sami abinci suka hayayyafa, ciwon haukan kare ya ƙaru. A 2024 wasu masana tattalin arziki biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, suka wallafa binciken da ya kwatanta gundumomin da a da suke da ungulu da waɗanda dama ba su da ita. Sun ƙiyasta cewa rashin ungulu ya janyo ƙarin mutuwar mutane wajen rabin miliyan tsakanin 2000 da 2005. Indiya da Pakistan da Nepal sun haramta yi wa dabbobi amfani da maganin a 2006, aka koma wani mai suna meloksikam wanda ba ya yi wa ungulu illa. Har yau tsuntsayen ba su dawo kusa da yawansu na da ba.

A Indiya kuskure ne, ba wanda ya yi niyyar kashe ungulu. A nahiyarmu kuwa, mafi yawan kisan da gangan ake yin sa, ko kuma da gangancin da bai da maraba da niyya.

Yadda muke kashe ta

Wani masanin tsuntsaye Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, ya bi wasu hanyoyi a Burkina Faso da Mali da Nijar yana ƙirga tsuntsaye tsakanin 1969 da 1973. Ya sake bin hanyoyin a 2003 da 2004, ya tarar manyan jinsunan ungulu sun ragu da fiye da kashi 90 cikin 100 a wajen gandun daji. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya jinsi 4 daga cikin 11 da ake samu a Afirka a matakin da daga shi sai ƙarewa. Cikinsu har da mikiya, da ƙaramar ungulun nan ta kwata da kowa ya raina. Wani nazari da ya tattara bayanan ungulayen da aka tsinta a mace a faɗin nahiyar ya nuna cewa guba ce ta kashe kashi 61 cikin 100, fataucin sassan jikinsu don magani da tsibbu ya ci kashi 29, wayoyi da turakun lantarki suka ɗauki kashi 9.

Gubar tana zuwa ta fuska uku. Akwai makiyayin da kura ko zaki ya kashe wa dabba, ya barbaɗa maganin ƙwarin gona a jikin mushen don ya rama. Kafin kurar ta dawo da dare, ungulaye sun riga ta sauka da rana. Akwai ɓarayin hauren giwa, waɗanda suka san shawagin ungulu ne ke tona musu asiri ga masu gadin daji, don haka suke sa wa mushen giwar guba da gangan. A watan Yuni na 2019 an tsinci ungulaye 537 a mace a Botsuwana a kan mushen giwaye uku. Ta uku ita ce ta masu farautar ungulun kanta. Tsakanin ƙarshen 2019 da farkon 2020 an kashe ungulaye fiye da 2,000 da guba a Gini Bisau, da yawa daga cikinsu an tarar an yanke musu kai.

Kawunan nan kasuwa ake kai su, kuma a nan maganar ta dawo ƙofar gidanmu. Binciken da aka yi a kasuwannin kayan tsibbu na yammaci da tsakiyar Afirka ya nuna kusan kashi uku cikin huɗu na gawawwakin ungulu da sauran tsuntsaye masu farauta da aka gani an kasa don sayarwa, a Najeriya aka gan su. Ana neman kai da ƙwaƙwalwa da ƙafa da gashi da ƙwai, wai don maganin taɓin hankali da farfaɗiya, ko farin jini, ko sa'ar caca da kasuwa da zaɓe. Tunanin da ke bayan wannan shi ne tunda tana hango mushe daga nesa, wanda ya mallaki kanta zai hango abin da ke ɓoye. Babu wata hujja ta likitanci da ta nuna naman ungulu yana warkar da wata cuta. Abin da aka tabbatar shi ne yawancinsu da guba ake kama su, gubar kuma ba ta barin naman don an shanya shi. Mai neman lafiya ya biya kuɗinsa ya sayo maganin ƙwari.

Da ungulu ta yi ƙaranci a Najeriya, sai 'yan farautarta suka riƙa ƙetarawa Nijar da Chadi da Kamaru. Ko baƙin tsuntsaye ba su tsira ba. Wata farar ungulu da masana suka maƙala wa na'urar bin sawu a ƙasar Girka, suka raɗa mata suna Paschalis, ta ƙetare Sahara lafiya, ta yi watanni a kudancin Nijar, amma a farkon 2014 wani maharbi ya kashe ta a arewa maso gabashin Najeriya don ya sayar.

Ga kuma sare itatuwa. Mukan ce ungulu ta koma gidanta na tsamiya, to ina tsamiyar? A kan dogayen itatuwa take sheƙa, irin su tsamiya da rimi da maɗaci da kuka, kuma su ne masu gawayi da masu katako da masu yanka filaye suka fi kwaɗayi.

Abin da ya sa ɓarnar ba ta gyaruwa da sauri shi ne yanayin haihuwarta. Zabuwa takan zuba ƙwai da dama a damina ɗaya, ungulu kuwa ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, ta kwanta a kansa wajen kwana 50, sannan ta yi watanni tana ciyar da ɗan tsakon. Shi kuma sai ya shekara biyar ko shida kafin ya fara nasa ƙwan. Ke nan mushe ɗaya mai guba zai iya shafe abin da za a yi shekara goma ba a mayar ba.

Mafita

An kafa dokar kare namun dajin da ke fuskantar ƙarewa a Najeriya tun 1985, an kuma yi mata gyara a 2016 aka ƙara nauyin tara. A 2017 ƙasashen duniya suka amince a birnin Manila da wani shiri na ceto ungulayen Afirka da Turai da Asiya. Amma doka a takarda ba ta hana a kasa kan ungulu a kasuwa da rana tsaka. Aikin da ya fi nuna alamar nasara shi ne na zama da masu maganin gargajiya, kamar yadda Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya, NCF, take yi, inda su masu sana'ar da kansu suke fito da saiwoyi da ganyayen da za su maye gurbin sassan tsuntsun. Mai magani ya fi jin maganar ɗan uwansa mai magani a kan ta jami'in gwamnati.

Sauran aikin na kowa ne. Sarakunan pawa su ne suka fi kowa kusanci da ragowar ungulayen da ke zuwa kwata, in suka hana a kama su ko a zuba musu guba a harabarsu, ba mai iya ƙetare maganarsu. Ardo-ardo da malaman dabbobi su ja kunnen makiyaya cewa sa wa mushe guba yana kashe karen rugar da ungulun kafin ya sami kurar, kuma ruwan sama na wanke shi zuwa tafkin da shanun ke sha. Hukumomin da ke kula da magunguna su sa ido a kan maganin ƙwarin da ake auna wa kowa a leda, da kuma shigowar diklofenak cikin magungunan dabbobi, tun ba mu maimaita abin da ya sami Indiya ba. Masu unguwanni da dagatai su hana sare duk itacen da ke ɗauke da sheƙa. Malamai kuma su tuna wa jama'a cewa addinin da ya ba da labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu da yunwa, bai yarda a kashe halittar Allah don camfi ba.

A watan Yuli na 2023 an tabbatar da ɓullar ciwon saifa a wata gonar dabbobi kusa da Suleja, a Jihar Neja, hankalin mahauta da makiyaya ya tashi. Irin wannan cuta ce ungulu ta daɗe tana rage wa kaifi a dazukanmu ba tare da mun sani ba. An ware Asabar ta farko a kowane watan Satumba a matsayin ranar tunawa da ungulu a duniya, amma mu nan ba sai mun jira wata rana ba. Magabata sun ce in ungulu ta biya buƙata, zabuwa ta tafi da zanenta. Ta biya mana buƙata shekara da shekaru, kuma babu wata zabuwa da za ta iya aikinta. Duk wanda ya ga ungulu a garinsu ya bar ta ta ci mushenta, ya kuma hana wani taɓa ta.