Chacha Ba Shi Da Ƙiba, To Me Ya Kama Zuciyarsa?



Duk wanda ya tashi a unguwar Highfields ta garin Leicester kamar ni, ya san da wuya maƙwabcinka ya wuce ɗan Pakistan, ɗan Indiya ko ɗan Bangladesh. Ƙidayar 2021 ta nuna sama da kashi 40 cikin ɗari na mutanen garin 'yan asalin Asiya ne. Ni kam tun ina firamare, rabin abincin da na ci a gidan wani abokina ɗan Pakistan na ci shi. Babansa muke kira Chacha, wato baffa a yarensu. Direban tasi ne, siriri, ba ya shan giya, sigari ma ya daɗe da bari. Shekarunsa 49.

Wani dare a hunturun bara, bayan ya ci abinci, sai ya ji ƙirjinsa ya yi nauyi, gumi yana karyo masa. Ya ce ƙwannafi ne, a haɗa masa shayi. Awa uku yana zaune yana cije baki, sai da ciwon ya sauko hannunsa na hagu sannan abokina ya yi ta maza ya kira 999. A asibiti aka tarar jijiyar da ke kai wa zuciyarsa jini ta toshe, aka buɗe ta aka sa ɗan bututu a ciki. Allah ya yi da sauran kwana, amma likita ya ce awa ukun nan sun yi wa zuciyar illar da ba za ta gyaru duka ba. Wata da watanni motarsa na ajiye a ƙofar gida, ga kuɗin haya, ga yara huɗu.

A barandar asibitin, matarsa ta dube ni ta ce, "Ɗana, kai da kake jami'a, gaya min. Mutumin da ba shi da ƙiba, me ya haɗa shi da ciwon zuciya?" Wallahi ban da amsa a lokacin. Tambayar nan ce ta sa ni bincike, kuma abin da na gano ne na ce bari in kawo muku.

Siriri a ido, kitse a ciki

A 2004, mujallar likitoci ta The Lancet ta buga hoton wasu likitoci biyu abokan juna suna tsaye: Chittaranjan Yajnik na garin Pune a Indiya, da John Yudkin, Bature ɗan Landan. A ma'aunin da ke haɗa nauyi da tsayi, wanda ake kira BMI, dukkansu 22.3 suke, wato lafiya lau a lissafin da aka saba. Amma da aka auna kitsen jikinsu, na Yudkin kashi 9.1 ne, na Yajnik kuwa 21.2. Ka ji fa! Sikeli ya ce ɗaya suke, cikin jiki ya ce ina.

Amsar matar Chacha ke nan. Jikin mutanen Kudancin Asiya yakan tara kitse a cikin tumbi, a kewayen hanta da hanji, ko da hannu da ƙafa sirara ne. Wannan kitsen yana hana sinadarin insulin aikinsa yadda ya kamata, daga nan sai ciwon suga, sai kitsen jini ya rikice, jijiyoyi su riƙa cushewa a hankali ba tare da mutum ya ji komai ba.

Ba yau aka lura da hakan ba. Tun ƙarshen shekarun 1980 masu bincike suka fara bibiyar dubban mutane a unguwannin Southall da Brent na Landan, aikin da daga baya aka sa wa suna SABRE, suka ga ciwon zuciya ya fi kama 'yan Kudancin Asiya fiye da Turawan da ke zaune tare da su. Wani babban bincike kuma mai suna INTERHEART, da aka yi a ƙasashe 52, ya nuna cewa a Kudancin Asiya bugun zuciya na farko yakan zo wa mutum yana wajen shekara 53, a sauran wurare kuwa wajen 59. Amma ga inda nake so ku saurara da kyau: binciken ya gano abubuwa tara ne ke da alhakin kusan kashi 90 na haɗarin, kuma duka ana iya taɓa su. Cikinsu akwai taba, hawan jini, ciwon suga, kitsen jini, tumbi, rashin motsa jiki da ƙarancin ganye da 'ya'yan itace a abinci. Ashe dai gado na da nasa kason, amma ba shi ne ƙarshen zance ba.

Shi ya sa hukumar NICE ta Ingila ta sauko da ma'aunin. Ga Bature, nauyi ya fara yawa daga BMI 25, ƙiba daga 30. Ga ɗan Kudancin Asiya, daga 23 ne da 27.5. A Amurka ma, tun 2018 ƙa'idojin likitocin zuciya suka sa asalin Kudancin Asiya cikin abubuwan da ke ƙara haɗari.

Takarda a asibiti ba ta isa ba

To sanin abu daban, isar da shi daban. A Ingila, duk wanda ke tsakanin shekara 40 zuwa 74 kuma ba a san shi da irin waɗannan cututtuka ba, yana da damar gwajin lafiya kyauta daga NHS duk shekara biyar. Chacha ya ce wasiƙar ta zo masa. Tana cikin durowa. Mai aikin dare da barcin rana, yaushe zai je a auna shi alhali ba abin da ke masa ciwo?

Mutanen Edinburgh sun gane wannan tun 2002, da suka fara wani shiri mai suna Khush Dil, wato zuciya mai farin ciki. Maimakon su zauna jiran mutane, sai nas da masaniyar abinci da ma'aikata masu jin yarukan al'ummar suka riƙa bin su har inda suke taruwa, ana gwaji, ana koyar da girki, ana motsa jiki. Da aka sake auna waɗanda suka dawo bayan watanni, an ga hawan jini da kitsen jini da nauyi sun ɗan sauka.

Na ga irin haka da idona. Bayan sallamar Chacha, na shiga aikin sa kai a wani gwaji da aka shirya a zauren masallacin unguwarmu bayan Juma'a. Aikina riƙe tef ɗin awo, irin na tela. Dattawa suna ta dariya, wani ya ce ko ɗinkin salla zan yi masa. Da na gaya masa ƙugun namiji ɗan Asiya bai kamata ya kai santimita 90 ba, na mace 80, nasa kuwa ya haura 100, sai dariyar ta ragu. Nas ta auna jininsa, ta ce lallai ya ga likitansa cikin satin.

Abin da ya fi burge ni shi ne matar da ta yi wa iyaye mata bayani da Urdu. Ko sau ɗaya ba ta ce a bar roti ko biryani ba, don ta san ba mai ji. Cewa ta yi a riƙa auna mai da cokali maimakon a tuttula daga galan, man shanu a bar shi sai ranar biki, a gasa samosa a obin, a ƙara wake da ganye a rage tulin farar shinkafa, gishiri kada ya wuce giram 6 a rana, wajen ƙaramin cokali ɗaya. Ta taɓo sukarin shayi, kofi biyar a rana kowanne cokali biyu. Ta taɓo tabar da ake taunawa da ganyen paan, da shishar da mu samari muke ɗauka ba komai ba ce. Daga ranar, wasu matan suka haɗa rukuni suna zagaya filin Spinney Hill da safe bayan kai yara makaranta. Minti 150 a sati ake nema, wato rabin awa sau biyar.

Mu fa, ina muka tsaya?

Kar wani ya ce wannan matsalar 'yan Indiya ce. Wancan ma'aunin na 23 da 27.5 har da mu baƙaƙen fata 'yan asalin Afirka ya haɗa. Ƙungiyar Diabetes UK ta ce mu da su, haɗarin ciwon suga yana fara mana tun daga shekara 25, ba 40 ba kamar Turawa. Ku lissafa shekarunku. Bambancin shi ne, a wajenmu hawan jini da shanyewar ɓarin jiki suka fi yawa. Kuma shago ɗaya muke sayayya a Evington Road, buhun shinkafa ɗaya, galan ɗin mai ɗaya.

Ranar da na koma gida da tef ɗin, na ce, "Baba, don Allah in auna ka?" Ya harare ni ya ce, "Kai da ban gama biyan kuɗin karatunka ba, har ka zama likita?" Umma ce ta sa baki, ya miƙe yana gunaguni. Ƙa'idar mai sauƙi ce: ƙugunka kada ya kai rabin tsayinka. Na Baba ya wuce. Washegari ni na kira masa asibitin unguwa.

Mu ne muke karanta wa iyayenmu wasiƙu, mu ne tafintocinsu a gaban likita. To mu duba durowa, mu zaƙulo wasiƙar gwajin nan. Kuma in babba ya dafe ƙirji yana gumi ya ce ƙwannafi ne, kar kunya ta sa mu ɗora ruwan shayi. A kira 999 nan take, in ya so ya yi faɗan daga baya.

Chacha ya koma aiki, amma na rana kawai. Kullum da yamma yana zagaya fili, kuma satin da ya wuce na hango Baba a gefensa, suna tafe suna musun ƙwallo. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.