Murjanin da Ya Tsira a Tankin da Aka Yi Watsi da Shi

Wanda ya gaji tankin gilashi na ruwan gishiri da aka daɗe ba a kula da shi ba, yakan tarar da wasu halittu manne da duwatsu. Ba ciyayi ba ne, murjani ne. Murjani dabba ce, kuma a jikin nau'o'insa da yawa akwai ƙananan gansakuka masu samar masa abinci daga haske.

Wajen gane shi, ƙashi ake fara dubawa. Mai taurin jiki yana gina ƙashi na alli, mai laushi kuwa yana rangaji da motsin ruwa. Masu laushin ne suka fi jure wahala, irin su Discosoma mai faɗi kamar faifai, da Xenia mai buɗe hannuwa yana rufewa.

Wanda ya fi bukatar hattara shi ne Palythoa, mai fitowa cunkus, kowane da zagayayyen baki. Wasu nau'o'insa na ɗauke da palytoxin, dafi mai iya kisa. An sha kwantar da mutane a asibiti a Amurka da Ingila bayan sun kankare duwatsun tanki ko sun zuba musu tafasasshen ruwa, suka shaƙi tururin. Safar hannu da tabarau wajibi ne.

Gyara kuwa sannu a hankali ake yi, domin sauyin gaggawa yana kashe abin da ya riga ya saba da dauɗa. Ana canza kashi 10 cikin ɗari na ruwan duk mako, da tataccen ruwa marar kulorin da aka haɗa da gishiri. Gishiri ya tsaya kusan giram 35 a lita, zafi tsakanin digiri 24 da 27. Fitila ma kaɗan-kaɗan ake ƙara mata ƙarfi, don haske mai yawa farat ɗaya yana sa murjani ya kori gansakukarsa ya koɗe fat.