Abincin Baƙo a Lolo, Bakin Iyakar Benin

Wannan shiri na musamman ya nufi Lolo, garin da ke ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi, a gaɓar Kogin Kwara, daf da inda kogin yake shigowa Nijeriya, inda tafiya kaɗan za ta kai mutum Madekali ta Jamhuriyar Benin, daga can kuma zuwa babbar kasuwar Malanbil. Tambayar da shirin zai bi ita ce wadda duk mahalarcin taro yake yi da zarar ya sauka a garin da bai sani ba, wato inda zai ci da inda zai sha.

A manyan birane otal mai ɗakin taro yakan zo da gidan abincinsa, a jihar Kebbi kuwa irin waɗannan otal-otal a Birnin Kebbi suka taru, shi ya sa idan taro ya sauko bakin iyaka, ko na jami'an gwamnati ne, ko na manoman shinkafa, ko na sulhu tsakanin manoma da makiyaya, sau da yawa akan ɗoro abinci cikin robobi a bayan mota tun daga birni. Wannan ɗabi'a asara ce ga baƙo da mai masauki baki ɗaya, domin yankin ya san ciyar da baƙo tun kafin a shata iyakar kanta. Illo, tsohon garin da ke maƙwabtaka da Lolo, yana kan hanyar fataken da a da suke tasowa daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja sayen goro, kuma a wannan yanki ayari yakan ƙetare Kwara ya yada zango, madugu ya shiga gari neman fatoma, wato maigidan da yake saukar da fatake, ya ciyar da su, ya haɗa su da masu saye. Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898 ita ce ta bar Illo a ɓangaren Ingila, ta raba Dandawa da Kyangawa da Fulani tsakanin mulki biyu, amma tukunyarsu ta ci gaba da zama iri ɗaya, kuma matan da ke sayar da abinci a tasha da bakin kasuwa a yau su ne magadan waccan hidima.

Abincin gari irin wannan lokaci yake bi, kuma baƙon da bai kula da haka ba zai iya kwana da yunwa alhali abinci yana kewaye da shi. Bayan sallar asuba mai shayi yake kafa teburinsa, gwangwanayen madara a jere, ƙwai a gefe, tukunyar ruwan zafi a kan gawayi, kusa da shi kuma masu koko da ƙosai da masu waina, waɗanda yawanci kafin hantsi ya dubi ludayi sun wanke kwanukansu. Wanda ya ƙetara ɓangaren Benin zai tarar da dogon burodi mai ƙarfin ɓawo, gadon mulkin Faransa.

Da rana kuwa shinkafa da kifi ne suke mulki, kuma a nan ne ya dace baƙo ya zauna ya ci a tsanake. Kebbi jihar shinkafa ce, a Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin Babban Bankin Nijeriya na bai wa ƙananan manoma rance a watan Nuwamba na 2015, kuma fadamun Bagudo suna cikin wuraren da ake nomanta damina da rani, saboda haka tuwon shinkafar da ake zubawa a rumfa yawanci daga gonar da ba ta da nisa ya fito. Kifin kuwa na Kwara ne: giwan ruwa mai farar tsoka, da tarwaɗa, da ƙarfasa, da ƙurungu mai ƙaya wanda masu miya suke so saboda romonsa. Kogin yana cika sau biyu a shekara, na farko wajen watan Agusta da Satumba, lokacin da ruwan damina na kusa yake gangarowa da laka, na biyu kuma a cikin hunturu, lokacin da ruwan da ya sauka a tsaunukan Gini watanni da suka wuce yake isowa bayan ya ratsa ƙasar Mali da Nijar. Idan ruwa ya tumbatsa kifi yakan watsu cikin fadama ya yi wuyar kamu, idan ya janye sai ya taru a gurbin kogi da tafkuna, kasuwa ta cika, farashi ya sauka. Abin da ba a sayar ɗanye ba matan masunta suke yin bandarsa, su lanƙwasa tarwaɗa su soke wutsiyarta a kai da tsinke, su jera a kan raga bisa hayaƙi har ta yi baƙi ta bushe. Mai saye ya kamata ya shinshina kafin ya biya, domin akwai marasa tsoron Allah da suke fesa wa busasshen kifi maganin ƙwari don kada ya yi tsutsa, kuma wannan guba ce da wanki ba ya fitar da ita gaba ɗaya.

Daga rugagen Fulani ake kawo fura da nono, kuma daga arewacin Benin ake samun wagashi, wato cukun madarar shanu mai taushi wanda ake daskararwa da ruwan tumfafiya, a rina bayansa ja da karan dafi, a soya ko a jefa cikin miya. Akwai kuma kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, wanda Zabarmawa suke kira kopto. Abin sha bai wuce zoɓo da kunu da lemon kwalba da shayin Buzaye mai ɗaci ba. Giya kuwa, jihar Kebbi tana cikin jihohin da suka ɗauki tsarin shari'a a shekarar 2000, kuma baƙo mai mutunci yakan kiyaye al'adar garin da ya sauka. A lokacin ambaliya, irin wadda ta cinye gonakin shinkafar Kebbi a 2020, rijiyoyi sukan gurɓace, don haka ruwan da aka tafasa ko na leda mai rajista shi ne abin dogaro.

Ciniki a bakin iyaka da kuɗi biyu ake yinsa, naira da sefa, kuma masu lissafin sefa da dala suke ƙirge, wato tamma biyar, abin da yakan rikita sabon zuwa. Lokacin da darajar naira ta faɗi a 2023, mai sefa a aljihu ya fi jin sauƙin kwanon tuwo a ɓangaren Nijeriya. Masu abincin nan sun ɗanɗana wuya lokacin da gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin tudu a watan Agustan 2019, ta kuma hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, domin direbobi da 'yan dako, waɗanda su ne abokan cinikinsu na kullum, sun ragu, injin niƙa ya yi tsada, sanyaya lemo ya gagara.

Saboda haka shirin yake kira ga hukumomi da ƙungiyoyin da suke shirya taro a Lolo da Illo da Tsamiya da sauran garuruwan Bagudo, da su sanar da masu abincin gari tun kwana biyu kafin taron, su ba su kuɗin cefane, su tanadar musu ruwa mai tsabta, su bar kuɗin ciyarwar a hannun matan da suke hura wuta a wurin.